Ƙafar Barmo da Tukunyar Laoban

Barmo mutumin Maraɗi ne, kuma duk Bahaushen da ya sauka Guangzhou ta ƙasar Sin sarin kaya tsakanin shekarar casa'in da bakwai da casa'in da tara, in ya ce bai san shi ba, to a ɗaki ya zauna har ya koma gida. Ba shi da shago. Sinancinsa kalma biyu ne: "meyo", wato babu, da "laoban", wato maigida. Ƙafa ce jarinsa. Da hantsi zai kwashi baƙi daga masaukinsu a Huanshi Lu, ya bi da su lungu-lungu har kasuwar Sanyuanli, ya nuna musu inda ake samun yadi mai kyau da inda ake cusa wa mutum na banza. Samarin Kantin Kwari har roƙonsa suke ya tsaya su sha iska, shi kuwa da furfurarsa yana gaba kamar an biyo shi. Yakan bugi ƙirji ya ce ƙafarsa ba ta san gajiya ba. Ashe ciwon suga ne ya kashe ta tun tuni, ko ƙusa ya taka ba ya ji.

A harabar wani sito yake zaune, cikin tsohuwar tirela mai gado da taga, irin wadda ake ja da mota a tafi shaƙatawa. Tayoyinta sun daɗe da sacewa. Laoban mai siton ne ya ba shi aro. A jikinta akwai tukunyar gas mai dafa ruwa, da tiyo, da wani abin murɗawa mai rubutun Sinanci wanda Barmo bai taɓa kai wa hannu ba.

Da sanyin casa'in da takwas ya shigo, jiƙaƙƙen nan mai shiga ƙashi, sai ya ajiye buta ya koma alwala da tiyo. Ita kuma tukunyar muguwar ɗabi'a gare ta: da sanyi-sanyi take farawa, tana ƙara wuta a hankali. Hannu ya sami ɗumi, fuska ta sami daɗi, ƙafa da take ƙarshe ita ke karɓar tafasasshe. Ga shi bayansa ba ya sunkuyuwa, sai ya riƙe tiyon daga sama yana cuɗa ƙafa da ƙafa. Sau biyar a rana.

Wata la'asar Illa, maƙwabcinsa ɗan Kano mai ɗaure kaya a siton, ya hangi tururi na tashi daga bakin tirela.

"Kawu, farfesun ƙafa ake yi ba gayyata?"

"Kai dai surutu gare ka, ɗan Kano. Ruwan ɗumi na."

Illa ya sa yatsa a ruwan, ya fizge da salati. Sannan ya duba ƙasa. Bayan ƙafar duk ya yi bororo, wasu sun fashe, tsakanin yatsu ya yi baƙi. Ya kai hannu zai murɗa abin, Barmo ya buge hannun.

"Kayan mutane na! In ya lalace mi za ni ce ma mai shi?"

"To ita ƙafar ta wa ce, Kawu? Ita ma aro aka ba ka?"

Sai da Illa ya je ya jawo laoban daga ofis, yana nuna masa da hannu yana hura yatsa. Mutumin ya zo, ya sa yatsu biyu ya murɗa abin baya kaɗan. Shi ke nan gyaran. Ruwan ya dawo daidai wankan jariri. Wata biyu ke nan Barmo yana dafa kansa saboda wannan.

Ya ƙi asibiti, ya ce man kaɗanya zai yi maganinsa, ya naɗe da tsumma ya ci gaba da jan baƙi. Sati uku ya yi yana ɗingishi kafin wari ya tona shi a cikin bas. A asibiti aka yanke yatsu uku na dama, har da babban.

Bayan an sallame shi, wasu 'yan Kano huɗu sabbin sauka suka zo gaishe shi. Yana zaune a matakalar tirela, ƙafa a kan kwali. Suka yi sannu, suka yi Allah Ya ƙara sauƙi, suka kalli juna. Can babbansu ya yi gyaran murya.

"Baba, dama gobe muke son shiga kasuwa."

Barmo ya yunƙura zai miƙe, ya dafa ƙofa, ya koma ya zauna. Illa, da bakinsa ba ya mutuwa, ran nan igiya kawai yake ta naɗewa.

"Ku nemi Salihu a Huanshi Lu," in ji Barmo. "Ya san hanya. Bai da sauri, amma ya sani."

Suka tambaye shi lambar ɗakin Salihun, ya faɗa musu, suka tafi.