Kunun da na dama wa Yaya

Shekarar da kuɗin mai suka fashe a ƙasarmu, yayana ya samu kwangila, ya samu teɓa, har takalmi sai an ɗaura masa. Aka kawo shi Landan likitoci suka ɗinke masa ciki, suka bar masa wurin abinci ɗan mitsitsi. Ni aka turo jinya, muka kama gida a unguwar Barking.

Likita ya ja mana kunne: cokali huɗu, ya tsaya. In ya cika ciki, ɗinkin zai ɓalle.

To, cikin aka rage, kwaɗayin yana nan daram. Yaya sai ya zauna yana kallon tukunya, ido jawur. Wallahi tsoronsa nake ji.

Wani tsoho ɗan Japan, wanda kamfaninsu ke sayar wa Yaya manyan motoci, ya zo dubiya da ƙunshin takarda: saiwoyi da ɓawon itace, maganin gargajiyarsu na kwantar da kwaɗayi. Ya ce a tafasa, a sha rabin kofi kafin abinci, tsuransa. Har sau biyu ya ce tsuransa.

Yaya ya kurɓa ya tofar. "Wannan ai maɗaci ne! Ki zuba min a kunu."

Haka muka taso, kowane saiƙo a kunu ake sha. Ni da shegen tausayi, na dama na tsamiya mai kauri, na tsiyaya maganin, na sa sukari. Ya shanye kwano tas.

Daga ranar ba ya neman abinci, magani yake nema. Na safe, na hantsi, na azahar. In na ce, "Yaya, ya isa haka," sai ya daka min tsawa: "Maganin ma hana ni za ki yi?" Na ga yana dafe gefen ciki in zai tashi. Na ga zufa a goshinsa, ana wannan sanyi. Na ci gaba da damawa.

Rana ta tara, bayan la'asar, na ji kwano ya faɗi a falo. Na tarar da shi durƙushe, bakinsa da jini. Kafin motar asibiti ta iso ya kama hannuna gam.

"Kada ki gaya wa Hajiya ke kika dama," ya ce.

Maganarsa ta ƙarshe ke nan a duniya. Har Hajiya, mahaifiyarmu, ta koma ga Allah tana tsine wa likitocin Landan, ina zaune a gefenta ina jin ta.