Baba Ƙadiri da Agogon da Ya Ƙaryata Kunnensa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah ya karɓi ran Malam Abdulƙadiri Junaidu, bakaniken motocin gas da ke bayan tashar Wurno, wanda mu direbobi muke kira Baba Ƙadiri. Jinyar ba ta daɗe ba. Ya cika da hantsi, aka yi masa sutura bayan la'asar. Na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma.

Baba, Haliru ne, direban farar akori-kurar nan da kake cewa ta fi ni hankali. Tun da ka kwanta dama kowa na faɗin alherinka. Manoman rani na gindin madatsar Goronyo suna tuna injinan ban-ruwan da ka tayar musu albasa na bakin ƙonewa. Direbobi suna tuna yadda kake ɓoye makullin duk wanda ya zo da birki marar kyau, ya yi ta kumfar baki, kai kuwa kana cin goronka. Ni ma ka taɓa yi mini, kuma har yau ban ce na ji daɗi ba. Bakinka da kaifi yake, amma hannunka bai taɓa cutar kowa da gangan ba.

Wanda bai san yankinmu ba ba zai gane girman kunnenka ba. Daga Rabah har Goronyo, ba a cinikin motar gas sai an ce, “A bari Baba Ƙadiri shi saurara.” Sai ka ɗora bakin doguwar sukurdireba a jikin inji, ka kafa ƙotar a kunne, ka lumshe ido. Ka buɗe murfin baƙin mai, ka tara tafin hannu. Abin da ka faɗa bayan nan shi ne kuɗin mota, mai saye da mai sayarwa babu mai ƙara ko uffan.

Akori-kurar da nake ja ba tawa ba ce. Ta yayata Uwaliya ce da ke Rabah, ita ce abin da mijinta Zayyanu ya bar mata da marayu. Albasa nake ɗauka da ita daga Goronyo zuwa Sakkwato, da abin da ta samo ake ɗora tukunya. A ɗarin bara waccan sai ta fara ƙin tashi da safe. Sai an tura ta, in ta tashi kuma ta yi ta zubar da farin hayaƙi, ga rashin ƙarfi a hawa. Na kawo maka ita, ka saurara, ka girgiza kai ka ce injin ya gama aiki, ringi da fistin sun tafi. Sauke inji kuwa ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba.

Dangin mijin suka ce a sayar tun ba ta zama ƙarfen awo ba. Alhaji Maccido, wani ɗan kasuwar albasa a Goronyo, ya taya a kan farashin mota mai mataccen inji. Bai cuce mu ba, maganarka ya bi. Aka sa ranar kasuwa zai zo ya ja abarsa. Uwaliya ba ta yi kuka a gabana ba. Tambaya ɗaya ta yi mini: “Haliru, in ta tahi, mi ɗiyan ga za su ci?” Na tashi na fita.

Kafin ranar ta zo sai ga ka a Rabah a kan tsohon babur ɗinka. Ka tsaya a zaure ka roƙi a dakatar da cinikin. Ka ce zuciyarka ba ta kwanta ba, dukiyar marayu ce, kuma kunne yana tsufa kamar mai shi. Ka ce akwai wani agogo da ake auna ƙarfin matsin inji da shi, ka taɓa ganinsa a wani gareji a Sakkwato har ka yi musu dariya. Yanzu shi za ka je ka saya, don ka gwada maganarka da kanka.

Na Jamus ya gagari aljihunka, ka ɗauko ɗan Cana mai araha. Nan ne aka yi abin da har gobe ake ba da labari. A duk tashar babu wanda ya taɓa riƙe irin abin, kai ma haka, mai shagon kuma bai tambaye ka ba. Ashe na motar fetur ka sayo, matsin injin gas kuwa ya ninka na fetur. Ka ɗaura shi a injin, ina murza makulli allurar ta daki ƙarshe, tiyon agogon ya fashe da wata irin ƙara. A zamanin nan da fashewar taya ma ke sa mutane neman hanyar gida, mai shayi ya bar butarsa a wuta ya arce. Da hankali ya dawo sai dariya ta ɓarke. Aka ce tsoho ya bar baiwar Allah ya kama abin wasan yara. Dangin mijin suka fusata, Alhaji Maccido ya ce kasuwa ɗaya kawai zai ƙara jira. Ni kaina, Baba, na ji kunya ta kama ni a madadinka.

Kai ko a jikinka. Washegari ka koma Sakkwato, ka dawo da na gas a jar akwatin roba, mai kaurin tiyo da lambobi masu nisa, da kawuna iri-iri na ɗaurawa. Shi ma mai arahar ne, don haka ba ka yarda da shi kai tsaye ba. Ka fara gwada shi a kan wata mota mai lafiya, ka ga inda allura ke tsayawa, sannan ka juyo kan tamu. Ka kwance hitocin da ke ɗumama inji, ka riƙa ɗaura agogon a gurbin kowanne, ni kuma ina murza makulli. Kowace silinda allurar sai ta hau ta tsaya kusan wuri ɗaya, dab da inda ta tsaya a mai lafiyar. Injin garau yake. Hitocin ne suka mutu, nozul masu fesa mai kuma suka toshe da datti, gyaran da bai kai a sayar da akuya ba.

Da ka so, da ka gyara a ɓoye ka ce hannunka ne ya tayar da matacce, kuma wallahi da an yarda, sunanka ma ya ƙara hawa. Amma sai ka aika aka kira Alhaji Maccido da dangin mijin, ka tsaya a tsakiyar tasha, gaban direbobin da suka yi maka dariya, ka ce, “Ni nac ce injin ga ya mutu. Ban yi daidai ba, lahiyatai lau. Kunnena ya yi man ƙarya, ku yahe man.” Alhaji Maccido ya janye tayinsa, ya yi wa marayun addu'a. Ban taɓa ganin namiji ya yi girma a idona kamar yadda ka yi a ranar ba.

Gaskiyar ta ci maka kasuwa, kowa ya sani. Aka fara cewa kunnen Baba Ƙadiri ya tsufa, wasu suka kai motocinsu wani wuri. Masu kiranka ciniki kuma sai su ƙara da cewa ka taho da agogo. Ba ka yi fushi ba. Jar akwatin ta riƙa yawo a bayan babur, yau tana hannun wani bakanike a Rabah, gobe a Goronyo, kana ba da aro kana gargaɗin kada wani ya kuskura ya sayo na fetur.

Abu ɗaya ne ya tsaya maka a rai. Wata rana na same ka zaune kana goge agogon, ka ce ba tare da ka dube ni ba, “Haliru, mota nawa nas sa anka sai da kahin abin ga shi zo?” Na ce da iyakar saninka ka yi. Ka ce ka sani, amma masu motocin fa?

Don haka ina roƙon duk wanda ya taɓa rabuwa da motarsa a kan maganar Baba Ƙadiri, in yana da wani abu a zuciya, ya yafe masa don Allah. Ya Allah ka jiƙan bawanka Abdulƙadiri, ka gafarta masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Inna Husainatu, da 'ya'yansa Bashar, Sumayya da Nuriyya, da dukkan bakanikai da direbobin Wurno, Rabah da Goronyo. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Uwaliya ta zo gaisuwa da yaranta duka. Ta zaunar da su a gaban Inna Husainatu ta ce, “Inna, duba su da kyau. Duk tuwon da sunka ci tun ran nan, mijinki yas sai musu shi, da sunanai yab biya.”