Kawu da Ƙarangiyar Wandonsa

Kawuna ya yi shekara ashirin da biyu yana yankan ciyawa a wata cibiyar binciken magunguna. Mutum ne dogo siriri, mai son a nemi shawararsa, abin da ba a cika yi ba.

Wata safiya ya leƙa ɗakin gwaji neman ruwan sha, ƙafar wandonsa cike da ƙarangiya. Shugabar ɗakin, wadda kowa ke kira Dakta, ta ce ya tsaya. Ya zaci faɗa za ta yi masa don ya ɓata daɓe, sai ya ga ta durƙusa tana cire ƙarangiyar da hantsaki. Ta sa ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ce ya duba. Da ya ga ƙayoyin sun zama kamar tsinin mashi, sai ya ja da baya yana salati.

Ta yi masa bayani cewa wasu ƙwayoyi suke ƙerawa, ƙanana ƙwarai, ɗaruruwansu a jere ba su kai kaurin gashi ɗaya ba. A ɗura musu magani, a sake su cikin jini, su wuce lafiyayyen nama, su je su maƙale a inda ciwon yake kaɗai. Shi ya sa take nazarin duk wata halitta da ta iya maƙalewa.

Ranar Kawu ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai. Ya hana matarsa wanke wandon, wai kayan aiki ne. Washegari ya kai wa Dakta kaska uku a kwalin ashana. Bayan kwana biyu ya kai matsattsaku a kofin shayinsa. Sai kuma tsaka, wadda ta kuɓuce masa, ta sa sakatare da tumbinsa ya hau tebur. Dakta ta yi godiya, ta roƙe shi don girman Allah ya huta haka nan.

Da ya kai kukansa gida, matarsa ko kallonsa ba ta yi ba.

"Malam, in mai maƙalewa suke nema, ka kai musu abokinka mana."

Abokin nan ana ce masa Sai-an-ci, don bai taɓa kuskure lokacin sauke tukunya a gidan Kawu ba. Ita gatse ta yi, shi kuwa ya ɗauka da gaske. Ya sa mutumin ya yi wanka, ya tasa shi gaba har ofis.

"Ranki ya daɗe, wannan bawan Allah zai wuce gida arba'in da ba a girki, ya je ya maƙale a wanda aka sauke. Ba abin da kike nema ke nan ba?"

Dakta ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce ita kanta ba ta taɓa bayyana aikinta da kyau haka ba. Kafin su gama magana, Sai-an-ci ya gano ɗakin cin abincin ma'aikata ba tare da ya tambayi kowa ba. Sai da maigadi ya yi mako uku yana fama kafin aka rabu da shi.

Ƙwayoyin da aka ƙera da ƙaya irin ta ƙarangiya ba su yi nasara ba, don sun riƙa maƙale wa kwalba da bututu da junansu. Kawu ya ce da an tambaye shi da ya faɗa, ƙarangiya ba ta san babba ba. Sai aka koma lulluɓe su da fatar ƙwayar jini, don jiki ya ɗauke su 'yan gida. Kawu ya naɗe hannun riga ya ce a ɗibi nasa. Yana ganin allura ya sulale ƙasa, aka yi ta yi masa fifita da fayil.

Yanzu ya yi ritaya. In ka ce masa kanka na ciwo, zai tambaye ka dama ne ko hagu, ya ce in ka sha magani ka kwanta ta wannan ɓangaren don ya gangara can. Matarsa ta ce ta gwada a ɓoye, kuma ba laifi.