Tambayar Maimu

Shekara talatin da ɗaya Valdur Kiisk ya yi yana ɗauko wa jaridarmu rahoton kotu a garin Paide, teburinsa yana kallon nawa. Ranakun aiki yakan zauna a bencin baya, yana sauraron wanda ya saci zarton maƙwabci da wanda ya bugu ya jefa tarakta a rami. Asabar da Lahadi kuma ya rubuta littattafan kisan kai. Tara ya fitar.

"Wa ka kashe jiya, Valdur?" Haka muke tarbarsa ran Litinin.

"Edita," in ji shi. "Amma ga shi can, ya sake zuwa aiki."

Wata safiya a damina wata dattijuwa ta shigo da littafinsa a jaka. Sunanta Maimu Lõhmus, tatsar shanu ta yi har ta tsufa. Valdur ya gane ta, don shi ya rubuta labarin shari'ar ɗanta Kalev, wanda abokinsa ya maka wa itacen wuta a ka suna cikin shaye-shaye, ya mutu.

"A littattafanka kowane kisa da dalilinsa," ta ce. "Alƙali bai faɗa mini na ɗana ba. Kai ka nemo mini."

Sau uku ya shiga bas ya je kurkuku a garin Tartu ganin wanda ya yi kisan. Duk zuwa, mutumin ya kalli hannuwansa ya ce bai tuna komai ba, kuma yana son Kalev. Valdur ya bi maƙwabta, ya sake karanta takardun kotu. Babu mace a tsakani, babu tsohuwar gaba.

Ya je ƙauyen Maimu ya gaya mata. Ta zuba masa kofi, ta yanka baƙin burodi da kifin gishiri.

"To ƙirƙiro mini ɗaya mana. Ba sana'arka ba ce?"

"Sana'ata ce, baiwar Allah. Amma ni da ke za mu san ƙarya ce."

Littafi na goma ya tsaya a babi na huɗu. Bayan shekara biyu ya ajiye aikin jarida, ya ce gwiwoyinsa sun gaji da benci.

Yanzu duk bazara, in ƙanƙara ta narke, yakan ɗauki Maimu a tsohuwar motarsa zuwa maƙabarta. Shi ya kwashe busassun ganye, ita ta daidaita yashin kabarin da manjagara. Bara na raka su. Hirar farashin dankali suka yi har muka dawo.