Barau, Jakadan Bakin Magudana

Tun ranar da manoman rani na Kadawa suka naɗa Barau jakada ya daina shan ruwa a kofin roba. Ya ce wa matarsa Murna jakada wakilin ƙasa guda ne, mai mota da tuta, haka rediyo ke faɗa. Murna ta ce ɗan aike ne dai da babbar riga, ta miƙa masa kwano: "Ranka ya daɗe, a karɓo min daddawa." Bawan Allah kuwa ya tafi.

Aikinsa kai saƙo tsakanin masu gonakin sama, da ke tare ruwa, da na ƙasa, da ke zaginsu. Na sama dangin uwarsa ne, na ƙasa surukansa, to wa zai ce wa ya gaji? Duk ranar sakin ruwa yana hanya, yana wanke zagi kafin ya isar, tumatirinsa yana bushewa.

Bana ɓangarorin biyu suka tsare shi a bakin magudana, kowa na rantsuwa ɗayan yake wa aiki.

Barau ya nuna gonarsa da ta tsattsage, ya ce, "Wanda ya taɓa ba ta ruwa a cikinku ya ɗaga hannu, shi nake wa aiki."