Sitiyarin Tsoho

Makon jiya na kai motata gareji saboda hon ya daina kuka. Ina zaune a kan benci sai na ji sifana ta zame, ƙarfe ya gogi ƙarfe, bakanike ya ja dogon tsaki. Tun bai ɗago kai ba na san abin da ya faru, kan notin sitiyari ne ya cinye. Wallahi ko daga barci na tashi zan gane wannan ƙarar, don ita ce ta taɓa tsayar da gidanmu cak wuni guda, ina 'yar shekara goma a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure.

Kakana na wajen uba, wanda duk gidan muke ce wa Tsoho, direba ne. Yana da wata a-kori-kura fara wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita yake kwashe kwandunan tumatir daga gonakin bakin kanal ya kai Kano, ya dawo da taki da gishiri da saƙon mutane. Sitiyarinta ya sa baduku ya naɗe masa da jar fata, amma wuri biyu fatar ta koma baƙa ƙirin tana sheƙi, daidai inda yake ɗora hannuwansa. In kika shiga motar, ƙanshin fata da na ganyen tumatir ne za su fara yi miki maraba.

Sai yanar ido ta rufe masa gani. A hankali abin ya zo, har ranar da ya kafe motar a gindin darbejiyar ƙofar gida bai ƙara tayar da ita ba. Damina uku ta yi a nan. Tayoyi suka sace, kaji suka mayar da bayanta wurin ƙwai. Daga ƙarshe Baba da ƙaninsa Baffa suka yanke shawarar sayar da ita ga 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe su daddatsa. Da suka gaya wa Tsoho, cewa kawai ya yi, “To, Allah ya sa haka ya fi alheri.” Haka mutanen zamanin da suke, ba sa roƙon 'ya'yansu komai.

Ana gobe za a zo ɗaukarta, bayan la'asar, na leƙa motar neman ƙwai sai na tarar da shi zaune a mazaunin direba. Shi kaɗai ya lallaba ya shiga. Hannuwansa na kan baƙaƙen wuraren nan biyu. Ya ji motsina ya ce, “Ke ce, uwar surutu? Da za su bar min wannan kaɗai, da sun gama min komai.” Sannan ya ƙara da cewa, “Kar ki gaya wa kowa.” Ni kuwa cikina ba ya ajiye magana. Kafin a kira magariba babu wanda bai ji ba, har maƙwabta.

Kunya ta kama Baba ƙwarai, don abin bai taɓa zuwa masa a rai ba. Ya aika wa mai sayen cewa a bar wa Tsoho sitiyarin, shi kuma ya ce ya yarda, amma a cire kafin ya iso da babbar mota bayan azahar, don ba zai tsaya jira ba.

Bazara ce. Tun hantsi rana take dukan mutum a ƙeya, kauɗar tumatir shanye ko'ina a bakin hanya, ja wur, ƙanshinta mai ɗan tsami ya cika gari. Ranar da za a zo ɗaukar motar, Baba ya ɓalle murfin hon, sai ga noti guda ɗaya a tsakiya, mai kusurwa shida, tsatsa ta yi masa rawani. To, a wajenmu kowane gida akwai sifanar injin ban ruwa, kuma kowane magidanci ya yi imani babu abin da ba za ta kwance ba a duniya. Ita Baba ya ɗauko. Ashe ta fi notin girma da ƙiris, abin da bai kai kaurin farce ba. Ya ja, ta zame. Baba mutum ne mai zafin zuciya, Allah ya ji ƙansa, in abu ya ƙi sai ya ƙara masa ƙarfi. Ya sake ja, ta sake zamewa. Kafin a ce haka kusurwoyin nan shida sun tafi, kan noti ya koma sumul kamar ƙwallon goruba da aka gama gwaigwaya.

Baffa ya ce a ba shi wuri. Ya kawo filaya ya ciza, ya murɗa, ya ƙarasa ɗan abin da ya rage. Aka tura a kira bakanike daga Kura, aka dawo aka ce ya tafi Madobi gyaran tarakta. Rana ta take tsaka, maza biyu suna tsaye suna zufa suna ɗora wa juna laifi.

Duk abin nan Tsoho yana zaure yana jan carbi, kunnensa na waje. Can ya ɗaga murya ya ce, “Ku bar shi haka nan. Ba komai.” Wannan “ba komai” ɗin ta fi min kuka ciwo. Na ruga cikin gida na faɗa jikin Iya, kakata, ina ba ta labari hawaye shaɓe-shaɓe.

Iya ta miƙe. Ta sauke muciya, ta wanke hannu, ta jawo adakarta daga ƙarƙashin gado. Can ƙasan zannuwa ta zaro wani ƙullin tsumma. A ciki akwai 'yar guduma da kurfi, ɗan guntun ƙarfen nan mai kaifin baki da maƙera suke yanka ƙarfe da shi. Mu da tuwo da fura muka san Iya. Mun manta 'yar maƙera ce, a bakin zuga-zugi ta yi wayo, kuma kayan nan na mahaifinta ne. Ta yafa mayafi ta ce in ɗauko mata kwalbar kananzir.

Da ta fito ta shafa kan notin da yatsa, ta dubi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. “Da me kuka yi masa wannan aika-aika?” Baba ya nuna sifana yana sosa ƙeya. Ta girgiza kai ta ce, “Komai injin ban ruwa ne a wurinku.” Ta ɗiga kananzir a gindin notin, ta ƙwanƙwasa shi a hankali don man ya ratsa, sai ta koma inuwa ta zauna abinta. Baba ya ce, “Iya, lokaci fa.” Ta ce, “Shekara nawa ya yi yana kamawa? Ba shi ya sha.”

Ana sallame azahar sai ga babbar motar ta kunno kai da sarƙoƙinta suna ƙara. Ban san lokacin da na afka cikin a-kori-kurar na zura hannuwana biyu cikin sitiyarin na rungume shi ba. Mai sayen, wani dogo mai jar hula, ya leƙo ya ce, “'Yammata, sauko mana.” Na ce, “Sai dai ku tafi da ni Kano ku daddatsa mu tare.” Baba ya buɗe baki zai daka min tsawa, Iya ta tare shi: “Ƙyale ta. Dama ina neman mai riƙewa.” Ta sa aka kawo wa baƙon fura mai sanyi a ƙwarya, ta ce, “Ɗan nan, kafin ka ga gindin ƙwaryar nan mun gama.” Wa zai yi wa tsohuwa musu da furarta a hannu? Ya samu gindin bishiya ya zauna.

Ta shigo ta zauna kusa da ni, Baba ya kama sitiyarin ta taga ya taya ni dannewa. Ta kafa kurfi a gefen kan notin, ta buga sau uku har ya yi ɗan tsagi. Sannan ta kwantar da kurfin a cikin tsagin, bakinsa na duban hagu, ta shiga bugawa ƙwas, ƙwas, ƙwas, ba da ƙarfi ba, kamar mai fasa goro. Jijiyoyin hannunta duk sun tashi. Kowane bugu ina jin sa har cikin haƙorana. Ta buga ya fi a ƙirga, noti ko gezau, ni kuwa ina satar kallon ƙwaryar baƙo tana ta yin ƙasa.

“Ya motsa.” Muryar Tsoho ce. Ashe ya dafa bango ya fito yana tsaye a bayanmu. Mu masu ido ba mu ga komai ba, shi ya ji amon ƙarfen ya sauya. Iya ta ƙara biyu, sai ga noti ya juya a fili. Baffa ya yi kabbara ya kai hannu zai zare shi gaba ɗaya, Tsoho ya ce, “Kul! Bar shi a baki-baki, sannan ku ja. In ba haka ba sitiyarin zai zubar maka da haƙora.” Baffa ya shiga ya jijjiga, ya ja da iya ƙarfinsa, sitiyari ya ɓalle fat, notin ya tare shi saura ƙiris ya sami hancinsa. Har mai jar hula sai da ya ƙware da fura don dariya.

Aka ja motar aka ɗora, aka tafi da ita. Tsoho bai ko juya wajen ƙarar ba. Yana zaune a kan buzunsa, sitiyari a cinya, hannuwansa sun koma mazauninsu. Ya ce wa Iya, “Sannu, 'yar maƙera.” Ta ce, “Gado ne, ba karambani ba,” ta koma kan tuwonta.

Daga ranar, kullum da hantsi sai ya kira ni in zauna a gefensa mu tafi Kano daga cikin zaure. Yana juya sitiyarin yana faɗin hanya: ga gadar kanal, ga kwanar masu shanyar shinkafa, ga tsamiyar nan, rage gudu ki kauce dama, akwai rami. Haka na haddace hanyar tun ban san inda birki yake ba. Shekara huɗu muna wannan tafiya, kuma ban taɓa ganin sa cikin nishaɗi kamar a lokacin ba.

A garejin nan kuwa, bakanike ya ce min, “Hajiya, sai dai a fasa a sayo wani.” Yanzu haka ake yi, abu ya ƙi sai a jefar. Na ce ya samo kananzir da kurfi, na nuna masa inda zai kafa. Ya dube ni sama da ƙasa, amma ya gwada, ya kuwa kwance.

Tsoho da Iya sun daɗe da rasuwa. Sitiyarin yana rataye a ɗakina. Hanyar garinmu ta sha kwalta, an cike ramin tun tuni, tsamiyar ce kawai ta rage. Amma duk ranar da na je gida, ina isa gindinta sai ƙafata ta sauka daga totur, hannuna ya kauce dama. 'Ya'yana sukan ce, “Umma, me kika gani?” Sai in ce musu akwai rami.