Ranar da Na Toshe Ƙofar Ƙerana

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan labarin nan ni ne. Sau biyu ma na yi wautar, ɗaya ina yaro, ɗaya da furfura.

Jikata Rifkatu tana koyarwa a wata firamare a Kafanchan. Bara ta ce in je in gaya wa 'yan aji bakwai yadda masu kamun bayi suka faɗa wa ƙauyenmu, tun da duk waɗanda suka ga ranar sun tafi wurin Ubangiji, saura ni. Abin da ban faɗa ba, da shi za a binne ni. Ni da karatuna ya tsaya a ajin baftisma, sai ga ni a kujerar hedimasta da kwat ɗin Lahadi. Na yi tari irin na manya, na fara.

Lokacin yankan acca ne. Zakara ya yi cara ta biyu, uwata ta hura wuta. Ta miƙo mini gora in ɗebo ruwa. Na ce cikina na ciwo. Ƙarya ce, raɓa nake gudu. Ƙanwata ta ɗauka ta nufi rafi. Shekarunta ba su wuce bakwai ba.

Rana na leƙowa ta kan dutse, karnuka suka fara haushi daga gabas. Sai ƙaho, busa ɗaya doguwa. Sai bindiga, sau biyu. Daga nan ƙasa ta ɗauki ƙarar kofato.

"Dutse! Kowa dutse!"

Tsakanin gidajenmu da dutsen akwai shingen ƙerana, mai ƙaya da farin ruwa mai makantar da ido. Doki ba ya ratsa shi. Ƙofarsa ɗaya ce, sai an sunkuya ake shiga. Dokarmu tun kakanni, wanda ya shiga ƙarshe shi zai ja damin ƙaya ya toshe, kuma ba mai buɗewa sai dattawa sun ce.

Mata suka wuce da goyo. Aka ja tsofaffi. Ni na tsaya kwance akuyata, don haka na zo a baya. Na waiga sau ɗaya. Hayaƙi kawai na gani. Na ja ƙayar na toshe tam, ina jin kaina namiji.

Ban yi taku ashirin ba na ji an kira sunana daga bayan shinge. Sau biyu. Na juya.

"Kada a buɗe! Hau!" Muryar ubana ce daga sama.

Na hau. Ba a kira na uku ba.

Rana tsaka muna cikin kogo, ubana ya bi mu yana taɓa kawunanmu. Mu tara muka tashi a gidanmu da safe. Ya taɓa takwas, har da nasa. Ya sake bi, takwas. Uwata ta dube ni, kuma har ta mutu ba ta tayar mini da maganar ba.

Bayan kwana uku muka sauko. Rumbuna sun zama toka. Goran yana jingine da shinge, ko tsagewa bai yi ba, da ruwa a ciki. Daga ranar ba a sake kiran sunan yarinyar a gidanmu ba.

Ajin ya yi tsit. Ni kuwa shiru ba ya mini daɗi, a ɗakina ma ya ishe ni. Na buga sanda na ce, "To ku rubuta da manyan baƙi: Kaka ya tsere wa doki, da akuya a kafaɗa." Yara biyu suka yi dariya, suka haɗiye ta.

Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga fensir. "Baba, mene ne sunanta? Zan rubuta."

Sunan yana nan a bakina, shekara saba'in da wani abu. Na ji shi ya taso, na danne. Na ce, "Ke 'yar nan, ƙaramar yarinya ce daga ƙauyen da ba wanda ya sani. Wannan ba tarihi ba ne, ba zai fito a jarrabawa ba."

Rifkatu ta ɗauki littafin tarihin ajin daga kan tebur, ta ajiye mini a cinya.

"Kaka, wanda ya rubuta wannan ma haka ya ce. Duba ko za ka ga ƙauyenku a ciki."